Cin abinci a gidajen abinci na birni: tambayoyin da ake jin nauyin yi

Jin nauyin tambaya ya fi tsadar abinci ɓata wa mutane fita cin abinci a gari. Mutum zai zauna, a miƙo masa takardar abinci mai sunayen da bai taɓa ji ba, ya kasa cewa a yi masa bayani, ya nuna wani abu da yatsa, ya ci abin da ransa bai so ba, ya biya, ya fita yana gunaguni. Alhali kuwa matambayi ba ya ɓata, kuma an ɗauki masu hidimar nan aiki ne domin a tambaye su. Ga tambayoyin da suka fi yawan tasowa, daga ƙaramin wurin da ake shiga a ci a tashi zuwa babban gidan da sai an kama tebur.

Mene ne ainihin bambancin gidan abinci na yau da kullum da na alfarma?

Lokaci da yawan hannuwa. A na yau da kullum, an tsara komai don ka ci cikin sauri, abinci ɗaya ko biyu, ka ba wani wuri. A na alfarma, an tsara zaman ya ɗauki awa biyu ko uku, ana kawo abinci kashi-kashi, kowane da farantinsa da cokalinsa, kuma kowane mai hidima tebura kaɗan yake kula da su.

Wannan tsari yana da tarihi. Biranen Kaifeng da Hangzhou na ƙasar Sin suna da gidajen abinci masu jerin zaɓi tun ƙarni na 12 da na 13. A Turai kuwa, a birnin Paris abin ya kafu. A shekarun 1780 Antoine Beauvilliers ya buɗe gidan da ake yawan ambata a matsayin na alfarma na farko, kuma bayan juyin juya halin Faransa na 1789 irin waɗannan gidaje suka yawaita. Da can a jere ake ajiye dukkan abinci a kan tebur lokaci guda. A ƙarni na 19 ne salon kawo su ɗaya bayan ɗaya ya yi rinjaye. Daga baya Auguste Escoffier, wanda ya karɓi kicin ɗin otal ɗin Savoy na Landan a 1890, ya raba aikin kicin sashe-sashe: mai miya daban, mai gashi daban, mai kifi daban, mai kayan zaƙi daban, duk ƙarƙashin babban kuku. Har yau haka manyan kicin suke aiki, kuma albashin waɗannan hannuwa yana cikin abin da kake biya.

Sai dai kada a ɗauka cewa alfarma ita ce daɗi. Akwai ƙananan wurare masu girka abu uku kacal, amma sun ƙware a kansu fiye da gidan da ke da labule mai sheƙi.

Me ya sa faranti ɗaya yake da tsada haka, bayan na san kuɗin kayan a kasuwa?

Domin kayan girkin ƙaramin kaso ne na abin da aka kashe. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kayan abinci su ci kusan kashi ɗaya cikin uku na farashin faranti. Albashin ma'aikata yana cin kusan wani kashi ɗaya. Sauran yana tafiya ga haya, wuta, gas, ruwa, haraji, wankin kayan tebur, farantan da suka fashe, da abincin da aka saya bai samu mai ci ba ya lalace. Abin da ke saura wa mai gidan ba shi da yawa, shi ya sa ake yawan ganin gidan abinci ya buɗe bana ya rufe baɗi.

Inda riba ta fi kauri shi ne abin sha da kayan zaƙi. Idan kana so ka rage kashe kuɗi ba tare da ka rage jin daɗi ba, nan za ka fara dubawa. Wata dabara kuma: manyan gidaje da yawa suna da abincin rana mai ƙayyadadden farashi, kicin ɗaya da kuku ɗaya da na dare, amma da sauƙi sosai. Wanda yake son ɗanɗana girkin babban wuri karon farko, ya je da rana.

Dole ne in kama tebur kafin in je?

A ƙaramin wuri, ba dole ba, sai in kuna da yawa. A babban gida, musamman daren ƙarshen mako, ka kira ko ka kama ta intanet. Ka faɗi yawanku na gaskiya, da ko akwai yaro ko mai keken guragu.

Abin da na fi so a riƙe shi ne wannan: in ka fasa zuwa, ka sanar. Teburin da aka ajiye maka an hana wa wani, an sayi kaya da lissafinka, an kira ma'aikaci dominka. Gida mai tebur goma sha biyu, in biyu suka ƙi zuwa ba labari, ribar daren ta tafi. Dalilin da ya sa wasu wurare suka fara karɓar lambar kati ko kuɗin kafin alƙalami ke nan. In za ka makara fiye da minti goma sha biyar, ka buga waya. Da yawa ba sa riƙe tebur fiye da haka.

Wane irin kaya zan sa?

Mai tsabta, wanda ya zauna maka. Kaɗan daga cikin manyan gidaje suna da sharaɗi, kamar hana gajeren wando ko silifa, kuma sukan rubuta a shafinsu. In kana shakka, ka tambaya lokacin kama tebur.

Na buɗe takardar abinci ban gane rabin abin da ke ciki ba. Yaya zan yi?

Ka kira mai hidima ka ce masa: “Don Allah yi mini bayanin wannan. Me ke ciki, yaya ake dafa shi, zai ƙosar da mutum ɗaya?” Babu mai hidimar kirki da zai raina ka kan wannan, a gidajen da suka san aikinsu ana tara su kafin a buɗe, a yi musu bayanin abincin ranar, wani lokaci har su ɗanɗana. Wanda ya amsa maka da ɗaga hanci, shi ne bai iya aikinsa ba.

Akwai hanyoyin sayarwa iri uku da ya kamata ka bambance. Akwai wadda kowane abinci da farashinsa, ka zaɓi abin da kake so. Akwai wadda aka haɗa kashi biyu ko uku a farashi ɗaya. Sannan akwai jerin ɗanɗano, inda babban kuku ke zaɓa maka ƙananan faranti masu yawa, wani lokaci fiye da goma. Wannan yana cin lokaci, kuma sau da yawa sai duk teburin ya yarda da shi.

Ka yi hattara da abubuwa biyu. In mai hidima ya karanto maka “abincin yau na musamman” da baki, ka tambayi kuɗinsa, domin ba a rubuce yake ba. In kuma ka ga an rubuta cewa farashin kifi ya danganta da nauyi ko da kasuwar ranar, ka ce a auna a faɗa maka jimillar kafin a ɗora a wuta. Tambayar farashi ba rowa ba ce, haƙƙinka ne. Haka ruwa: in an ce “wane iri za a kawo?” ka tambaya ko na sayarwa ne.

Cokula da wuƙaƙe sun yi yawa a gabana. Da wanne zan fara?

Daga na waje ka shigo ciki, kashi bayan kashi. Ƙaramin farantin burodi yana hagunka, kofunan sha suna damanka, adiko a kan cinya. In ka gama, ka jera wuƙa da cokali mai yatsu wuri ɗaya a kan faranti, alama ce ta a ɗauke. In wani ya faɗi ƙasa, ka bar shi ka nemi sabo. In ka ɗauki wanda ba shi ba, babu abin da ya faru. Za a kawo maka wani, kuma kowa yana ta cin nasa abincin.

Ta yaya zan gane wuri yana da tsabta, tunda ba na ganin kicin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, kuma ado ba ya amsa ta. Fara da banɗaki. Shi ne wurin da suka san baƙo zai shiga. In babu sabulu da ruwa a can, to da me ma'aikata ke wanke hannu? Dubi faratan mai kawo abinci, dubi tsumman da ake goge tebur da shi, dubi ko hannun da ya karɓi kuɗi shi ne ke taɓa abinci. Takardar abinci mai shafuka da yawa a wurin da babu jama'a ma abin lura ce, domin abinci iri ɗari ba ya ƙarewa kullum, yana kwana a firji ne yana jiran mai saye. Wuri mai ciniki da gajeren jeri kayansa na juyawa da wuri.

Sai zafi da sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a waje. Ma'ana, abin da ya kamata ya zo da zafi ya zo yana tururi, na sanyi ya zo da sanyinsa. Mai ɗumi-ɗumi shi ne abin tsoro. Wannan ya fi shafar wuraren ɗebi-da-kanka, inda tire ke daɗewa a buɗe: ka duba ko akwai wuta a ƙarƙashinsa, ko kowane abinci da nasa cokalin ɗiba, ko ana sauya tiren ne ko kuwa ana juye sabo a kan tsoho. Shinkafa, wadda mutane ke ɗauka ba ta da haɗari, tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da dafuwa ba ta kashe ƙwayayenta, kuma in ta daɗe a ɗumi tana fitar da gubar da sake ɗumamawa ba ya kawarwa.

A wasu birane hukuma ta sauƙaƙa wa mutane. New York tana liƙa harafin A, B ko C a ƙofar gidajen abinci tun 2010, Ingila kuma tana ba da maki daga 0 zuwa 5. Inda akwai irin wannan takarda, ka duba ta kafin ka duba farashi.

An kawo mini nama cikinsa ja. Bai dahu ba ne?

Ya danganta da naman. Yankan naman sa guda, ƙwayoyin cutarsa a bayansa suke, wutar gashi na kashe su, shi ya sa ake tambayarka yadda kake son dahuwarsa. In ba ka son ja, ka ce a gasa maka shi sosai tun farko, kuma babu wanda ya isa ya sa ka ji kunyar hakan. Niƙaƙƙen nama dabam ne, domin niƙa ya cuɗa waje da ciki, dole ya dahu har tsakiya. Kaza ma haka: in ka ga ja ko ruwan jini kusa da ƙashi, ka mayar. Mai juna biyu, ƙaramin yaro, tsoho da mai raunin garkuwar jiki su guji ɗanyen kifi, ɗanyen ƙwai da naman da bai gama dahuwa ba.

Akwai abin da ba na ci, saboda lafiya ko addini. Yaya zan tabbatar?

Ka faɗa sau biyu: lokacin kama tebur, da lokacin da kake ba da oda. Ka kuma faɗi dalili. “Ba na son gyaɗa” dabam yake da “gyaɗa na iya kai ni asibiti”. Na farko cire ta za a yi daga sama. Na biyu sai an sauya wuƙa, katako, tukunya da man suya. Abubuwan da suka fi tayar wa mutane da jiki su ne gyaɗa, 'ya'yan itatuwa masu ɓawo mai tauri irin su kashu, madara, ƙwai, kifi, jatan lande da danginsa, alkama, waken soya da riɗi. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun Disamban 2014 doka ta wajabta wa gidajen abinci su ba da bayani kan irin waɗannan abubuwa guda 14. In mai hidima ya ce “ina ganin babu”, wannan ba amsa ba ce. Ka roƙe shi ya je ya tambayi kicin. In sun kasa tabbatarwa, ka zaɓi wani abu.

Mai gudun naman alade ko giya, ko wanda ba ya cin nama sam, ya san cewa matsalar ba a abin da ido ke gani take ba. Tana cikin romon da aka haɗa miya da shi, cikin kitsen da aka yi suya da shi, cikin sinadarin da ke daskarar da wasu kayan zaƙi wanda ake samu daga fata da ƙashin dabbobi. Manyan gidaje masu girkin Turai suna yawan zuba giya a miya. Za a iya ce maka wuta ta ƙone ta, amma alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna cewa bayan minti 15 ana tafasawa kusan kashi 40 cikin 100 na nan, bayan awa biyu da rabi ma akwai kusan kashi 5. Saboda haka tambayar da za ka yi ita ce ko an zuba, ba ko ta ƙone ba.

Abincin bai yi ba. Zan iya mayarwa?

In ya zo da sanyi, ko bai dahu ba, ko ya ƙone, ko ba shi ka nema ba, ko ka ga wani abu a ciki, ƙwarai kuwa. Amma ka yi magana bayan loma ɗaya ko biyu, ba bayan ka cinye rabi ba. Ka yi ta a hankali, ka faɗi takamaiman abin da ya faru. Gidan kirki ya fi son ka faɗa masa ya gyara da ka yi shiru ka fita ka yaɗa.

In kuwa an dafa shi daidai, kai ne bai yi maka daɗi ba, to wannan ba laifinsu ba ne. Suna iya sauya maka don kyautatawa, amma ba haƙƙi ba ne.

Ina roƙon abu ɗaya a nan. Wanda ya kawo farantin ba shi ya dafa ba, ba shi ya sa farashi ba, kuma mai yiwuwa tun safe yake tsaye. Daka masa tsawa, ko kiransa da tafi ko fito, ba ya gyara abinci. Haɗa ido da ɗaga hannu kaɗan ya isa. In magana ta fi ƙarfinsa, ka nemi manaja.

Tukuici dole ne? Nawa ake bayarwa?

Babu amsa ɗaya, kowace ƙasa da tata al'ada. A Amurka kusan wajibi ne, ana ba da kashi 15 zuwa 20 cikin 100, domin dokar tarayya ta yarda a biya mai karɓar tukuici dala 2.13 kacal a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, ko da yake jihohi da dama sun ɗara haka. A Faransa kuɗin hidima yana cikin farashi, abin da ka ƙara kyauta ce. A Japan ba a bayarwa, kana iya ma jefa mai hidima cikin ruɗani. A Landan an saba ƙara kashi 12.5 a kan takardar kuɗi, kuma tun Oktoban 2024 doka a Birtaniya ta tilasta wa masu gidajen abinci su miƙa wa ma'aikata tukuicin gaba ɗaya.

Don haka ka karanta takardar kuɗin kafin ka biya. Ka duba ko an sa kuɗin hidima, ko haraji yana ciki ko an ɗora daga baya, ko an rubuta abin da ba ka ci ba. Kuskure na faruwa, nuna shi ba rashin mutunci ba ne. In an riga an sa kuɗin hidima, ba sai ka ƙara ba. In kana so ka tabbata ya isa hannun wanda ya yi maka aiki, ka tambaye shi.

Mun je mu da yawa. Wa zai biya?

A daidaita kafin a zauna. Wanda ya ce “na gayyace ku” shi ake sa ran zai biya, kuma wanda aka gayyata bai kamata ya zaɓi mafi tsada ba. In rabawa za a yi, a faɗa wa mai hidima tun farko. Rabawa daidai wa daida tana da sauƙi, amma tana cutar da wanda ya ci kaɗan don aljihunsa bai da nauyi. Mai hali a cikinku ya lura da wannan ba sai an faɗa masa ba.

Zan iya zuwa da yara?

A wuraren yau da kullum, sosai ma. Ku je da wuri kafin cunkoso, a fara kawo nasu. Zaman awa uku kuwa ya fi ƙarfin ƙaramin yaro, kuma wasu manyan gidaje suna da iyakar shekaru. Kada a bar su suna gudu tsakanin tebura, akwai masu ɗauke da miya mai zafi.

Taurarin Michelin da makin da ake bayarwa a intanet, a yarda da su?

Michelin kamfanin taya ne na Faransa. A 1900 ya fara raba wa direbobi littafin jagora kyauta don su yawaita tafiya, a 1926 ya fara ba gidajen abinci tauraro, a 1931 matakan suka zama uku. Masu bincikensa suna zuwa ne a ɓoye, su biya kuɗinsu, kuma abin da ke cikin faranti suke aunawa, ba kujeru ba; a 2016 har rumfunan abinci biyu a Singafo sun samu tauraro. Amma wasu ƙasashe da birane kawai littafin ya shafa, don haka rashin tauraro ba ya nufin komai a inda ba su taɓa zuwa ba.

Makin intanet yana da amfani in ka karanta shi da hankali. Ka bar yabo mai yawa da zagi mai yawa, ka karanta na tsakiya, na watannin baya-bayan nan, domin kuku na iya sauyawa. Ƙorafin da mutane daban-daban suka maimaita shi ne abin kamawa. Ka kuma dubi yadda gidan ke amsa suka.

Abin kunya ne in ce a ƙunsa mini ragowar?

Ko kaɗan. Ka biya kuɗinsa, kuma zubar da abinci ya fi muni. A Faransa ma, inda da ake ganin abin baƙo ne, tun Yulin 2021 doka ta wajabta wa gidajen abinci su ba mai so mazubi. Wuraren ɗebi-da-kanka ne kawai galibi ba sa yarda. Ka sa shi a firji cikin awa biyu, ka ɗumama shi har ya yi tururi, sau ɗaya.

Cikina ya ɓaci bayan na ci a waje. Abincin ne?

Yana iya zama shi, yana iya zama wanda ka ci shekaranjiya. Wasu gubobin suna tashi cikin awanni kaɗan, amma wasu ƙwayoyin cutar sai bayan kwana biyu zuwa biyar suke bayyana. Ka tambayi waɗanda kuka ci tare. In da yawa sun kamu, zargin ya yi ƙarfi. Ka sanar da gidan cikin natsuwa, da rana da abin da ka ci, domin su bincika kayansu kafin wani ya ci, ka kuma sanar da hukumar lafiya in abin ya shafi mutane da dama. Ka yawaita shan ruwa, musamman ruwan gishiri da sukari. In akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko aman da ba ya barin ruwa ya zauna, ko abin ya wuce kwana uku, ko kuma yaro ne ko tsoho ko mai juna biyu, a tafi asibiti. Kumburin leɓe ko harshe da wahalar numfashi bayan cin abinci kuwa ba a jira da su ko minti ɗaya. A garzaya da mutum asibiti nan take.